Na sayi ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara, yaya zan yi tashin farko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara, irin wanda ake naɗe hannuwansa a sa a jaka, nauyinsa gram 249. Don nishaɗi na saye shi, ina son ɗaukar hotuna daga sama. Kwana 4 ke nan yana cikin kwali, na kasa tayar da shi don tsoron kada ya faɗi, ko ya ɓace, ko in jawo wa kaina rigima. Abokina ya ce ba wani abu ba ne, maɓalli ɗaya ake dannawa ya tashi da kansa. Gaskiya ne? Me ya kamata in yi a ranar farko?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai gaskiyar da ya faɗa ita ce tarkon. Maɓalli ɗaya za ka danna, jirgin ya ɗaga ya tsaya cak a iska kamar an rataye shi da zare. Ko ka ajiye rimot ka zuba hannu a aljihu, yana nan inda ka bar shi. Kafin minti 5 zuciyarka ta fara raya maka cewa ai ka iya. A shekarun da na yi ina tuƙa irin waɗannan jirage ina kuma koya wa wasu, da wuya na ga wanda ya fasa nasa a batirin farko. A na uku ko na huɗu ake fasawa, lokacin da tsoro ya tafi, ƙwarewa kuwa ba ta iso ba. Saboda haka tsoron nan da ya hana ka buɗe kwali, kada ka yar da shi. Aiki za mu ba shi.

Fara da sanin abin da ke riƙe jirgin a sama, domin ba kai ba ne. Akwai GPS da ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam ya san inda yake, da kamfas da ke gaya masa ina ya fuskanta, da na'urar auna nauyin iska da ke ƙiyasta tsayinsa, sai 'yan ƙananan idanu a cikinsa masu kallon ƙasa idan yana kusa da ita. Kwamfutar da ke ciki tana haɗa bayanansu tana gyara gudun farfela huɗun sau da yawa a kowane sakan. Kai umarni kawai kake bayarwa. Ranar da GPS ya yanke, jirgin zai ci gaba da riƙe tsayinsa amma ya daina riƙe wurinsa, iska ta kwashe shi kamar leda, kuma ko ka saki sandar tuƙi ba zai taka birki ba. Nan ake gane wanda ya iya tuƙi da wanda jirgi ke tuƙa kansa a gabansa. Yawancin abin da zan gaya maka shiri ne don wannan lokacin.

Amma kafin fili, doka. Ba banza kamfanoni ke tsayar da nauyin waɗannan ƙananan a gram 249 ba. Ƙasashe da yawa sun ja layi a gram 250, abin da bai kai haka ba ana sassauta masa, sai dai sassaucin wani ba na wani ba ne. A Amurka mai tashi don nishaɗi da jirgin da bai kai gram 250 ba ba sai ya yi masa rajista ba, amma dole ya ci wata 'yar jarrabawa ta intanet da ake kira TRUST. A Tarayyar Turai kuwa, tun da dokarsu ta bai ɗaya ta fara aiki a ƙarshen 2020, muddin jirgin na da kyamara kuma ba abin wasan yara ba ne, sai ka yi rajistar kanka ka manna lambarka a jikinsa, komai rashin nauyinsa. Akwai ƙasashen da sai ka sami izini a rubuce daga hukumomin tsaro, akwai kuma irin su Maroko da jami'an kwastan ke karɓe shi tun a filin jirgi. Aikinka na farko ke nan: ka shiga shafin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasarka ka karanta da idonka. Kada ka dogara da "an ce", kada kuma ka dogara da mai sayarwa, shi ciniki ne ya dame shi. Ka kuma sani, da zarar ka fara karɓar kuɗi a kan hoton da ka ɗauka, a wurare da dama ka fita daga ajin 'yan nishaɗi, wata dokar ce ta hau kanka.

Abu biyu ne kusan ko'ina aka yi tarayya a kansu. Kada ka wuce mita 120 daga ƙasa, wato ƙafa 400, kuma kada jirgin ya ɓace wa ganinka. Ganin ido ake nufi, ba na allon waya ba. Jiragen da ke ɗauke da mutane, in ba tashi ko sauka suke ba, galibi ba sa yin ƙasa da mita 150, shi ya sa aka bar wannan tazara tsakani. Amma jirgi mai saukar ungulu da na feshi da na kashe gobara suna saukowa ƙasa da haka, kuma matuƙinsu ba zai hango abu mai girman tafin hannu ba. Da ka ji ƙararsu ka sauko, ba sai ka tsaya waige-waigen ta ina suke ba.

Kada ka ga ƙanƙantar jirginka ka raina ɓarnarsa. A watan Disamba na 2018, rahoton ganin jirage marasa matuƙa ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, abin ya shafi tashi da saukar jirage kusan 1,000 da fasinjoji kimanin 140,000. A Janairun 2025, ana tsakiyar yaƙi da gobarar daji a Los Angeles, wani ya tura ƙaramin jirgi ajin naka don ya kalli wutar, ya yi nisa har ya daina ganinsa, ya je ya huda fiffiken jirgin da ke kwaso ruwa. Sai da aka ajiye jirgin kashe gobarar na kwanaki ana gyara, wuta tana ci. Mutumin ba mugunta ya yi niyya ba, kallo kawai ya so yi. Wani abin kuma: don manhajar wayar da ake sarrafa jirgin da ita ta bar ka ka tashi ba yana nufin doka ta bar ka ba. A da jiragen DJI, wani kamfani mai ƙera irin waɗannan jirage, sukan ƙi tashi kusa da filayen jirgi, amma a farkon 2025 kamfanin ya mayar da wannan shinge gargaɗi kawai a Amurka. Alhakin yana wuyanka, ba wuyan manhaja ba.

Sai zaɓen wuri, kuma nan ne masu farawa ke yin kuskuren da suke ganin hikima ce. Mutum ya ce bari in gwada a ɗaki tukuna, ya fi tsaro. A ɗaki babu GPS, iskar farfelarsa tana bugun bango ta dawo ta tura shi, labule na gefe yana jiran ya naɗe shi, fuskarka kuma tana taku biyu daga wuƙaƙe huɗu masu juyawa. Saman bene ma haka: rodin da ke cikin kankare yana rikita kamfas, kamar yadda bayan mota da murfin ƙarfe ke yi. Jirgin da ya tashi da rikitaccen kamfas yakan fara zagaye a iska, da'irar tana faɗi, ko ya miƙe wata nahiyar da ba ka tura shi ba. Abin da kake nema fili ne buɗaɗɗe mai faɗin filin ƙwallo ko fiye, babu jama'a, babu dabbobi, babu wayoyin lantarki ko turken sadarwa, nesa da filin jirgi da barikin soja da gidan yari da duk wani wurin tsaro. In filin na wani ne, ka nemi izininsa. Ka fita da sassafe, iska ta fi kwanciya a lokacin, mutane ma ba su fito ba. Ka tafi da mutum ɗaya babba mai hankali wanda aikinsa kawai ya sa ido a sama da kewaye, ba taron abokai masu cewa "ƙara sama, ƙara sama" ba.

Daren jajibiri ka gama duk aikin zaune. Ka cika batira da rimot da waya da caji, ka buɗe asusu a manhajar, ka bar ta ta sabunta duk abin da take son sabuntawa, don ba abin da ke cin rai kamar ka isa fili a ce maka sai an sauke wani abu. A cikin saituna ka ɗaure wa kanka hannu: tsayi mita 30, nisa mita 50. In manhajar tana da wurin gwaji na kwaikwayo, ka ɓata awa ɗaya a ciki.

A fili, shimfiɗa kwali ko wani abu mai faɗi don kada farfela ta tayar da yashi ya shiga injina da mariƙin kyamara. Cire murfin robar da ke kare kyamarar kafin ka kunna, kusan kowa ya taɓa mantawa da shi. Shafa kowace farfela da yatsa, in ka ji tsaga ko karaya ka canza ta. Tura batir har sai ka ji ya yi ƙas. Kunna rimot tukuna, sannan jirgi, ka ajiye shi bayansa na kallonka, ka ja baya taku biyar. Sai ka jira. Wannan jiran shi ne abu mafi muhimmanci a ranar: jirgin yana tattara taurarin ɗan'adam, kuma sai ya sami isassu zai rubuta wurin da yake a matsayin gida. Manhajar za ta sanar da kai, ka kuma duba taswira ka tabbatar alamar gidan tana inda kake tsaye. Wanda ya yi gaggawar tashi kafin haka, jirginsa na iya rubuta gida a can wani wuri cikin iska, ranar da ya kira shi ya koma can.

Ɗaga shi zuwa tsayin kanka ko sama kaɗan, ka bar shi minti guda cur, kada ka taɓa komai. Kalle shi, saurare shi. Lafiyayyen jirgi yana tsayawa da ƙara iri ɗaya. In yana zamewa gefe, ko yana karkarwa, ko saƙon gargaɗi ya fito, ka sauke shi ka bincika. A yadda yawancinsu ke zuwa daga kamfani, sandar hagu ita ce ta sama da ƙasa da juya fuska, ta dama kuma gaba da baya da matsawa gefe. Da 'yan yatsu ake lallaɓa su, ba a kai su ƙarshe. Ka je gaba mita 10 ka dawo da baya, ka je dama ka dawo. Ka zana murabba'i a iska. Ka sauka, ka sake tashi, ka sake sauka, har sai saukar ta daina sa ka riƙe numfashi. Na san ba wannan ka sayi jirgi don ka yi ba. Batirin farko dai haka zai ƙare, ko hoto ɗaya ba sai ka ɗauka ba.

A batir na biyu ka juyo da fuskarsa ya kalle ka, ka tura sandar dama zuwa dama. Zai tafi hagunka. Damarsa yake bi, ba taka ba, kuma wannan juyin shi ne ya fi kai jirage cikin bishiya, don a lokacin firgici hannu yana bin ido ne, sai mutum ya ƙara tura shi cikin abin da yake son kauce wa. Maganin yana da sauƙin faɗa: in ka rikice, saki sanduna biyun. Muddin GPS na aiki zai tsaya. Ka numfasa, ka juya shi bayansa ya dawo gare ka, sannan ka ci gaba. Ka yi ta maimaita wannan a kusa, a ƙasa-ƙasa, har hannunka ya haddace.

Yanzu maɓallin komawa gida, wanda mutane ke ɗauka kamar laya. Ga yadda yake aiki: in ka danna shi, ko sigina ta yanke, ko batir ya yi ƙasa sosai, jirgin zai hau zuwa tsayin da aka saita masa, ya miƙe zuwa wurin da ya rubuta a matsayin gida, ya sauka. Tsayin nan daga inda ya tashi ake auna shi, ba daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa a lokacin ba. Da jirgina na koyi wannan. Na saita mita 20 a wani shimfiɗaɗɗen fili, bayan mako biyu na je wani wuri na tashi daga gindin tudu, ban sake duba saitin ba. Na zagaya da shi bayan wasu bishiyoyi da ke saman tudun, hoto ya daskare a allo, sigina ta tafi. Ina tsaye riƙe da rimot ina jin ƙararsa tana matsowa, har na fara murna, sai na ji kamar an yaga takarda, sannan shiru. Ya yi daidai abin da na umarce shi: ya tsaya a mita 20, ya miƙe gida, bishiyoyin kuwa da tudun da suke kai sun fi haka. Na same shi rataye a reshe, hannu ɗaya a karye, kyamara tana lilo da wayarta. Tun ranar, duk inda na je sai na dubi abu mafi tsayi a kewaye, in ƙara masa tazara mai kyau, in saita kafin in kunna farfela. Kai ma ka gwada maɓallin tun ranar farko, daga nisan mita 30 kacal, ka ga yadda yake yi, ka kuma koyi yadda ake soke shi a tsakiyar hanya.

Za ka ce ai wasu jiragen suna da idanun hangen cikas. Suna da su, suna kuma taimakawa. Amma ba su cika ganin siririyar waya ko busasshen reshe ko gilashi ba, ba sa aiki sosai da duhu, kuma a yawancin jirage da ka sa yanayin gudu suna kashe kansu. Idanun ƙasa ma ruwa yana ruɗa su, shi ya sa shawagi dab da saman tafki ba na mai koyo ba ne. Ka kuma riƙe rimot yadda faɗin eriya ke kallon jirgin, ba tsininta ba, kada kuma ka bar gini ko tudu ya shiga tsakaninku.

Iska ita ce ke sace jirage fiye da komai. Wadda kake ji a fuskarka ba ita ce ta sama ba, a mita 60 tana iya ninka ta ƙasa. Ƙananan jirage irin naka iyakar abin da suke jurewa kimanin mita 10 ne a sakan. Ɗauka jirginka yana yin mita 10 a sakan, iska kuma tana yin 7. Tafiya da ita daɗi, kamar gangara. Da ka juyo, abin da ya rage maka 3 ne, tafiyar da za ta ci minti 1 in babu iska ta koma fiye da minti 3, batir kuma yana zuba don injina suna aiki iya ƙarfinsu. Saboda haka ka fara tafiya kana fuskantar iska, ta rako ka a dawowa. In ta riga ta kama ka, ka rage tsayi inda ta fi sauƙi, in kuma ka ga ba zai iso ba, ka zaɓi wani fili marar mutane ka sauke shi da kanka ka taka ka ɗauko. Ranar da ka ga kan bishiyoyi yana rangaji, ka mayar da shi jaka. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mintuna 30 da 'yan kai da aka rubuta a kwali, a wuri marar iska aka auna su, har batir ya ƙare ƙaf. Kai ka yi lissafi da 20, ka kasance a ƙasa batir yana kashi 30 cikin 100. Saukowa daga sama tana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Batiran nan na lithium ne, kuma ba sa son wasa: kada ka sa su caji da zafinsu, kada ka bar su cikin mota a rana, kada ka jona su ka kwanta barci, in za su daɗe ba a yi amfani da su ba a ajiye su da kamar rabin caji. Wanda ya kumbura ko ya bugu a faɗuwa ya gama aiki, kuma a waje za a ajiye shi, nesa da abin da zai kama da wuta.

Saura mutane, kuma a ganina nan ne ainihin amsar tambayarka ta "rigima". Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, don haka a kowane lokaci ka tambayi kanka: in injin ɗaya ya tsaya yanzu, kan me zai faɗa? In amsar mutum ce, ko titi mai motoci, ko taron jama'a, ba wurinka ba ne. Farfelar tana yanka fata, yara kuwa da gudu suke nufo jirgi in yana sauka, dole mai rakiyarka ya tare su. Kama shi da hannu daga iska, da kake gani ana yi a bidiyo, ka bar wa gaba.

Sai kyamara. Mutum ya gina katanga ne don kada a gan shi, kai kuma ka zo da ido mai tsallake katanga. Wanda ke tsakar gidansa ya ɗaga kai ya ga abu yana shawagi ba shi da hanyar sanin ko faɗuwar rana kake ɗauka ko iyalinsa, kuma yana da gaskiya in ransa ya ɓaci. Kada ka tsaya a saman gidan kowa, kada ka bi mutum da kyamara bai sani ba, in fuskar wani ko cikin gidansa ya shiga hotonka ka goge, kada ka ɗora a intanet. In wani ya tunkaro ka a fusace, ka ce masa ya yi haƙuri ka sauke jirgin tukuna, don ba a gardama da jirgi a sama. In ya sauka ka nuna masa allon ya ga abin da ka ɗauka. Sau da yawa wanda ya zo da faɗa yakan ƙare da tambayar yaya ake tuƙawa. In kuma ya ce bai yarda ba, ka naɗe kayanka, filaye ba su ƙare ba. Dabbobi ma haka: ƙarar tana firgita garke, tana kora tsuntsu daga kan ƙwai, shi ya sa tun 2014 Amurka ta hana tashin waɗannan jirage a gandayen shaƙatawa na ƙasa. In shaho ko shirwa ta fara zagaye jirginka, kana kusa da sheƙa ne ko ta ɗauke shi abokin gaba, ka janye ka sauka.

Hoton da ka sayi jirgin dominsa zai zo, kuma abin mamaki kyawunsa ba a tsayi yake ba. Daga mita 120 komai ya zama taswira. Tsakanin mita 15 da 40, da hasken safiya ko na yamma, ana tafiya a hankali da motsi guda ɗaya a lokaci guda, nan ake samun abin kallo. Amma wannan na fita ta uku ne ko ta huɗu, lokacin da za ka iya sauke ido kan allo na sakan biyu ka ɗago ka sami jirgin inda kake zato.

Idan ka sauka na ƙarshe a ranar, kashe jirgi kafin rimot, cire batir ka bar shi ya huce, sake shafa farfela, hure ƙurar da ke injina, mayar da murfin kyamara. Da ka koma gida ka buɗe tarihin tashin a manhaja, za ta nuna maka hanyar da ka bi da tsayin da ka kai da duk gargaɗin da ya fito kana cikin zumuɗi ba ka karanta ba. Fita ta biyu ka koma filin nan dai, ka ƙara nisan zuwa mita 100, ka fara koyon zagaye wani abu guda, kamar jakarka a tsakiyar fili, kyamara tana kallonsa har ka dawo inda ka fara.